Fuska Ɗaya, Fim Ɗari: Lacca a Kan 'Yan Wasan da Ba Sa Canza Hali



Batun da aka ɗora mini yau ƙorafi ne da babu wanda bai taɓa jin sa ba a cikinmu. Ana zaune a majalisa ko a gidan kallo, fim bai yi nisa ba, sai wani ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai kullum haka yake. Ko malami aka ba shi, ko ɗan sanda, ko direba, shi ne dai." A wurin mai maganar shari'a ta ƙare: wanda ba ya canzawa bai iya wasa ba, gwani kuwa shi ne wanda za a kalla har a tashi ba a gane shi ba. Na zo ne in yi wa wannan hukunci gardama. Ƙorafin yana da tushe, kuma zan zo kansa. Amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke gundurar mai kallo sau da yawa ba halin ɗan wasan ba ne da ya ƙi canzawa, labarin da aka saka shi ciki ne ya ƙi canzawa.

Mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi a gidan da ake yin tatsuniya bayan cin tuwon dare ya san Gizo. Ya san kwaɗayinsa, ya san wayonsa, ya san tsamin bakinsa, ya san cewa Ƙoƙi tana gefe tana fama da shi. Ban taɓa jin yaron da ya ce wa kakarsa Gizon nan ya ishe mu, a sake masa hali ba. Da za a wayi gari a ce Gizo ya zama mai amana da ƙoshin zuciya, yara watsewa za su yi. Daɗin yana nan ne: mun san abin da zai yi, amma ba mu san ramin da zai faɗa yau ba, ba mu kuma san ta inda zai fito ba. Haka wasannin tashe da azumi. Shekara da shekaru tsohon nan ne dai da gemunsa na auduga, mai maganin nan ne dai da tarkacensa, kuma mutane suna fitowa ƙofar gida su kalla su ba da sadaka. Kunnenmu da idonmu sun saba da sanannen hali tun kafin a kawo majigi ƙasar nan.

Da rediyo da talabijin suka zo, a kan wannan turba aka ɗora. Marigayi Usman Baba Pategi, Banufe ne, kuma ya yi aikin soja na gaske. Ya ɗauki Hausar bariki da tsawar saje-manja ya gina Samanja Mazan Fama a Kaduna, ya zauna a cikin wannan hali shekaru masu yawa. Ranar da Allah ya karɓi ransa a watan Nuwamba na 2023, abin da mutane suka riƙa faɗa wa juna shi ne Samanja ya rasu. Da yawa a ranar suka fara jin sunansa na yanka. Akwai wanda zai tashi a nan ya ce mutumin nan bai iya wasa ba don bai taɓa zama wani abu ban da Samanja ba?

Sai kuma Rabilu Musa, Ɗan Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar aikin gidan yari ya shiga wasa, ya rasu a watan Disamba na 2014. A kansa nake so mu ɗan daɗe, domin shi ne ya fi kowa fito da abin da nake nufi. Ku dubi sunayen finafinansa: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam. Sunan kansa ya gaya maka yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai kallo. Ba a ce maka za ka ga Usama ba. An ce maka za ka ga Ibro ya sa rawani da gemu yana ƙoƙarin zama Usama, kuma ba zai iya ba, rashin iyawar ce ma za ka biya kuɗi ka kalla. Duk abin da duniya take ciki a lokacin, mawaƙin Kwango ne ya cika gari ko yaƙi ne ake yi a Gabas ta Tsakiya, sai Ibro ya ɗauko shi ya shigar da shi cikin jikin wannan talaka ɗan ƙauye mai jar hula, mai tsoro da cika baki, mai son banza, wanda kullum dabararsa take komawa kansa. Gizo ne ya sa riga da wando. Masu raina camama suna cewa ai ba wasa ba ne, shirme ne. To, bayan rasuwarsa an ga masu gwadawa da yawa, an ga masu sa irin hularsa da kwaikwayon muryarsa. Da abin sauƙi ne da yanzu an manta da shi. Riƙe hali ɗaya shekara ashirin ba tare da ya yi lami ba yana bukatar sanin lokacin da za a yi magana da lokacin da za a yi shiru a zare ido, kuma wannan sani ba a sayar da shi a kasuwa.

Ba mu kaɗai ba ne. Charlie Chaplin ya sa hular nan da guntun gashin baki da manyan takalma a 1914, bai tuɓe su ba sai bayan fim ɗin Modern Times na 1936. Da ya fito a Monsieur Verdoux a 1947 a matsayin mai auren mata yana kashe su don dukiyarsu, mutanen Amurka juya masa baya suka yi, ko da yake rigimar siyasa da yake ciki a lokacin ta taimaka. A Japan, Kiyoshi Atsumi ya fito a matsayin Tora-san, ɗan tireda mai yawon gari-gari da kullum soyayya ke ba shi kashi, a fim 48 daga 1969 zuwa 1995. Mutanen Japan ba su gaji ba. Shi ne rai ya yi wa halinsa a 1996.

Wani zai ce to wannan ai barkwanci ne, dokarsa daban. Mu koma ga jarumai, mu tafi Indiya, tunda yawancin dattawan da ke zauren nan sun yi zamanin silima a Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, ko makamantansu a Kaduna da Zariya da Jos da Maraɗi. Su ne suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin. Waɗannan laƙabai shaida ce cewa mai kallo ya gane hali ɗaya ne ke yawo daga fim zuwa fim, kuma bai ɗauke shi aibi ba. Shi ya sa ma yake yankar tikiti.

Amitabh Bachchan ya ci sunan Vijay a finafinai sama da ashirin. Kafin 1973 ya jera finafinai da suka faɗi, har aka fara cewa dogon nan ba zai kai labari ba. Sai marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka rubuta Zanjeer, aka ba shi bayan wasu manyan jarumai sun ƙi karɓa. A nan aka haifi saurayin nan mai fushi, wanda ba ya yawan dariya, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka zalunta tun yana yaro kuma bai yafe ba. Ku bi shi a finafinai huɗu da waɗannan marubuta suka rubuta. A Zanjeer ɗan sanda ne da aka kashe iyayensa a gabansa, fushinsa da masu laifi yake. A Deewaar na 1975 ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa da ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ƙanensa ɗan sanda, uwarsu a tsakiya, kuma uwar ta zaɓi ƙanen. A Trishul na 1978 ɗa ne da attajirin ubansa ya yi watsi da uwarsa, ya zo ya karya shi a kasuwa. A Shakti na 1982 ubansa ne ɗan sandan, Dilip Kumar, wanda ya ƙi sakin mai laifi don a sako masa ɗansa da aka sace, yaron ya girma da wannan a ransa, ƙarshe uban ne ya harbe shi da hannunsa.

Murya ɗaya ce, tafiya ɗaya, kallo ɗaya, har suna ɗaya. Amma wa zai ce fim ɗaya ne? Kowane karo an nemo wa fushin nan sabon bango da zai yi karo da shi: yau doka, gobe ɗan'uwa, jibi mahaifi. Kuma lokacin ya dace, domin Indiya ta shekarun 1970 cike take da tsadar rayuwa da rashin aiki da yajin aiki, har aka kai ga dokar ta-ɓaci a 1975. Talaka ya shiga silima ya ga wanda yake yi masa fushin da shi ba shi da halin yi.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Marubutan nan biyu sun raba gari a farkon shekarun 1980. Aka ci gaba da yi wa Amitabh finafinan fushi da duka, amma dalilin fushin ya riƙa sirancewa, sai ɓawon ya rage. Toofan da Jaadugar na 1989 ba su yi kasuwa ba. Da ya dawo bayan hutu da Mrityudaata a 1997, yana da shekara hamsin da ɗoriya yana neman maimaita abin da ya yi yana ɗan talatin, fim ɗin ya faɗi warwas. Iyawarsa ba ta ragu ba ko kaɗan, shaida kuwa ita ce abin da ya biyo baya: a 2000 ya bar farin gemu ya fito a matsayin tsattsauran shugaban makaranta a Mohabbatein, a 2009 kuma ya fito a Paa a matsayin yaro mai cutar saurin tsufa, ɗansa na cikinsa Abhishek ya fito a matsayin ubansa. Ashe mutumin da aka ce abu ɗaya ya iya, abu ɗaya aka yi ta ba shi.

Akwai shekara guda a tarihin Hollywood da nake so ɗaliban fim su riƙe, 1956. John Wayne shi ne uban masu hali ɗaya a can: kaboyi ne ko soja, da tafiyarsa ta gicciye da maganarsa a jajjaye. A wannan shekara finafinansa biyu suka fito. A The Conqueror an canza masa komai, aka liƙa masa gashin baki, aka ja masa ido, aka ce shi ne Genghis Khan sarkin Mongol. Har yau in ana lissafin finafinan da suka fi muni ana sa shi a ciki, don kowa ya ga kaboyi ne ya yi shigar burtu. A The Searchers kuwa, darakta John Ford bai taɓa masa komai ba. Hular ce, dokin ne, tafiyar ce. Amma labarin na mutum ne da ya kwashe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da 'yan ƙabilar Comanche suka sace, kuma sannu a hankali mai kallo ya gane ba ceto ta yake son yi ba, kashe ta yake nufi, don a ganinsa zama da su ya ɓata ta. Taurin kan da aka saba tafa masa a kai, shi Ford ya juya ya nuna ƙiyayyar da ke ƙarƙashinsa. Masana da yawa suna ganin a nan ya yi wasan da ya fi kowanne a rayuwarsa. Inda ya canza kama an yi masa dariya, inda bai canza ba ya ba mutane tsoro.

Me ya sa haka take faruwa? Domin rabin wasan a kan mai kallo yake gudana. Wajen 1920, wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labarinsa. An ɗauki hoton fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin, fuska a sake, ba murmushi ba ɓacin rai. Aka haɗa ta da kwanon miya, aka sake haɗa ta da gawar mace a akwati, aka sake haɗa ta da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yaba gwanintarsa: ga tunani a kan miya, ga baƙin ciki a kan gawa, ga fara'a a kan yarinya. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Abin da ke kewaye da fuska shi ke ba ta ma'ana. Ni kuma zan ƙara da cewa abin da ke kewaye da fuskar sanannen ɗan wasa bai tsaya ga fim ɗin da ake kallo ba. Duk finafinan da ya yi a baya suna biye da shi. Yana shigowa, kafin ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya ce wannan mugu ne, ko wannan ba ya mutuwa.

Wannan jari ne babba, kuma darakta mai basira ya san yadda ake kashe shi. Henry Fonda ya yi shekara talatin yana fitowa a mutumin kirki. Shi ne matashin Abraham Lincoln a 1939, shi ne mai taimaka wa alƙali da ya tsaya shi kaɗai a kan gaskiya a 12 Angry Men na 1957. Sai Sergio Leone, Ba'italiye, ya kira shi ya fito a mugu a Once Upon a Time in the West na 1968. Fonda da kansa ya ba da labarin cewa ya iso wurin ɗaukar fim ya sa gilashin cikin ido mai duhu ya tara gashi a fuska don ya yi kama da mugu, Leone ya ce ya cire. Fuskar da Amurka ta yarda da ita yake so, da shuɗayen idanun nan. A fitowarsa ta farko, an gama kashe mutanen gida, saura ƙaramin yaro yana tsaye, kyamara ta zagayo a hankali ta nuna fuskar shugaban 'yan ta'addan, sai ga Henry Fonda. Ya harbe yaron. Da baƙuwar fuska ce, kisa ne kawai irin na fim. Da yake shi ne, sai ya zama cin amana.

Wanda muka fi sani shi ne Amrish Puri. Bayan Mogambo a Mr India na 1987, da tarin finafinan da ya yi yana zare ido, ya zama in ya bayyana yara a gidan kallo suna cewa ga bos nan. A 1995 Aditya Chopra ya ba shi uban yarinya a Dilwale Dulhania Le Jayenge. Ba mugu ba ne a labarin, uba ne mai riƙe alkawarin da ya yi wa amininsa. Amma tsoron da muke yi masa daga wasu finafinai shi ya riƙe fim ɗin sa'a uku, shi ya sa da ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa abin ya yi nauyi. Da wani dattijo mai sanyin fuska aka ba, tun daga farko kowa ya san zai sauko.

Yanzu bari in zo inda ƙorafin yake da gaskiya, don kada a ce na zo wanke 'yan fim ne. Akwai bambanci tsakanin wanda ya gina halinsa ya mallake shi, da wanda aka kulle a ciki. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma kuɗi ne ke riƙe da mabuɗin.

A Hollywood ta shekarun 1930 da 1940, kamfani yana ɗaukar ɗan wasa kwantiragin shekara bakwai, ya zaɓa masa irin rawar da zai taka. In ya ƙi, a dakatar da shi ba albashi, kuma a ƙara watannin dakatarwar a kan kwantiragin. Olivia de Havilland ta gaji da fitowa a salihar budurwa mai jiran jarumi, ta kai kamfanin Warner ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ba ta gaskiya a 1944. Bayan ta samu 'yancin zaɓi ne ta ci kyautar Oscar har sau biyu. Hattie McDaniel ba ta samu wannan sa'a ba. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, amma kafin nan da bayan nan 'yar aiki ce a fim bayan fim, domin a Amurka ta lokacin ba a rubuta wa mace baƙa wani abu sai wannan. Mu ma mun san ɗanɗanon abin. Shekara nawa Bahaushe ya yi a finafinan Kudu bai wuce maigadi da ƙaramar rediyo a kunne ba? Kafin mu yi fushi kuma, mu tuna yadda camamarmu take fito da Bafulatani da Bagware da mutumin Ibo.

A Indiya an yi Jagdish Raj, wanda littafin Guinness ya rubuta cewa ya fito a ɗan sanda sau 144. Shi ne sufeton nan da ke isowa da jiniya bayan jarumi ya gama dukan kowa. An yi Nirupa Roy, uwa mai kuka da farin sari. A Kudu, Patience Ozokwor ta zama muguwar suruka, Kanayo O. Kanayo kuma tun daga Living in Bondage na 1992 aka liƙa masa tsafin kuɗi. Mutumin ya koma makaranta ya zama lauya a 2020, amma har gobe in ya sa hoto a intanet sai an tsokane shi da maganar tsafi.

A Kano kuwa, waɗanda suka yi zamanin kaset da faifai sun san yadda abin yake. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa lokacin da kasuwar faifai ta mutu, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su ne masu faɗa a ji. Furodusa ya kawo fim, tambayar farko ba mene ne labarin ba, su wa ke ciki. Fuskar da ke kan kwali ita ake saye. Bayan Sangaya ta yi kasuwa, Ali Nuhu ya zama saurayin da ake rububi, aka yi ta yi masa finafinan soyayya da rawa da waƙa har ba a iya ƙirgawa. Ga kuɗi kaɗan, ga kwanaki kaɗan, ɗan wasa yakan bar wannan lokeshan ya wuce wancan a rana ɗaya, wani lokaci sai ya iso ake gaya masa abin da zai faɗa. A irin wannan yanayi, ina lokacin da mutum zai zauna ya gina sabon hali, ya nemo masa tafiya da murya? Abin da ya saba shi zai ɗauko, kuma darakta ma shi yake so, don ba shi da lokacin yin bayani. In ana neman kishiya ko uwar miji mai masifa, a kira Daso. In ana neman ɗan daba, a kira Kumurci. In ana neman uba mai nasiha, ga Kabiru Nakwango. Sin biyu ko uku, an gama, a sallami mutum.

Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilu na 2024, misali ce da ke damuna. Duk wanda ya kalle ta da idon basira ya ga mace mai kaifin harshe da sanin lokacin jefa magana, mai iya ba da dariya a tsakiyar masifa. Irin wannan baiwa, da an samu marubucin da ya zauna ya tambayi kansa me ya mayar da matar nan haka, wane tsoro ne ke ƙarƙashin faɗanta, me za ta yi ranar da 'yarta ta cikinta ta faɗa hannun suruka irinta, da an ga abin mamaki. Ba sai ta canza murya ko ɗaurin ɗankwali ba. Mafi yawan lokuta an ɗauko ta ne ta zo ta yi masifar ta tafi, don labarin saurayi da budurwa ya samu abin tuntuɓe. Haka dattawan masana'antar baki ɗaya. Ƙurar da hirar Ladin Cima da BBC Hausa ta tayar a 2022 a kan kuɗin sallama aka yi ta, amma ni a wurina akwai wata tambaya a bayanta: me ya sa a finafinanmu uwa ba ta da labarin kanta, sai dai ta sa albarka ko ta tsine?

Mu masu kallo ma da namu. Mu ne muke laƙaba wa mutum sunan fim ɗin da ya fito da shi ya bi shi har tsufa, ga Dawayya, ga Gyale, ga Nagudu. Mu ne muke haɗuwa da mai fitowa a mugu a kasuwa mu ɗaure masa fuska. Kuma mu ne in jarumi ya gwada wani abu dabam muke cewa fim ɗin bai yi daɗi ba, wane bai dace da talaka ba. Furodusan da ya ji haka sau ɗaya, kuɗinsa suka maƙale, ba zai sake ba.

Zamanin finafinai masu dogon zango ya zo da sauƙi ta wani gefe, ya zo da sabon tarko ta wani. Sauƙin shi ne yanzu akwai fili. Labari mai zango-zango yana ba ɗan wasa damar ya zauna da hali ɗaya ya nuna shi ta fuskoki da yawa, yau a cikin wadata gobe a cikin bashi. Baba Ɗan Audu na Labarina ya samu wannan fili, Rabi'u Rikadawa kuma ya nuna abin da gogaggen ɗan wasa zai yi da shi: mutum ne da kake jin haushinsa kana dariya, wani lokaci har ka tausaya masa, duk a zama ɗaya. Sani Mu'azu ma ya samu irinsa a Bawa Maikada na Kwana Casa'in. Tarkon kuwa shi ne, da can mutum yana maimaita hali ne a finafinai masu sunaye daban-daban, yanzu kuwa suna ɗaya yake amsawa duk mako shekara da shekaru. Ɗan'azumi Baba marubucin littattafai ne tun kafin a san za a yi Daɗin Kowa, amma yau ku tare yaro a titi ku nuna masa hotonsa, Kamaye zai ce. Lawan Ahmad ya daɗe a masana'antar kafin Izzar So, yanzu Umar Hashim ake kiran sa.

Ranar da waɗannan shirye-shirye za su ƙare, mutanen nan za su fito da fuskokin da miliyoyin jama'a suka riga suka yanke wa hukunci, wannan na kirki ne, wannan abin dariya ne, wannan macuci ne. Jarin da Leone ya samu a fuskar Fonda ke nan, ga shi a zube a Kano da Kaduna da Jos. Ko akwai furodusan da zai sa kuɗinsa a fim ɗin da Kamaye zai fito a mutumin da ba a yi wa dariya, ko wanda Umar Hashim zai ci amanar marayu, ya kuma jure surutun mako biyun farko? Malam shugaban taro, na ga furodusoshi biyu ko uku a sahu na uku suna murmushi. In an zo lokacin tambayoyi, ina roƙon a fara miƙa musu abin magana.